Me ya sa a nobel ɗin yanzu sai an yi gaba a ofis kafin a yi soyayya?

Kwanakin baya a wani guruf ɗinmu na masu karatun nobel a WhatsApp aka kusan kwana ana musu. Wata baiwar Allah ce ta fara, ta ce ita fa ta gaji, duk littafin da ta buɗe abu ɗaya take tararwa, mace da namiji suna aiki waje ɗaya ba sa ga maciji da juna, harara da safe baƙar magana da yamma, can an yi nisa sai ka ji wai gabansa ya fara faɗuwa in ya hango ta, daga nan sai biki. Ta ce wannan koya wa 'yan mata ake yi cewa duk namijin da ya wulaƙanta ki to sonki yake. Kafin ka ce kwabo mutane sun yi mata ca, wasu na cewa haba ai labari ne kawai, wasu na cewa in babu wannan faɗan ai littafin lami ne, wata ma cewa ta yi ita da mijinta haka suka fara kuma ga su yau da 'ya'ya uku.

Na bi saƙonnin nan ɗaya bayan ɗaya sai na lura kowa da irin littafin da ke kansa yake magana. Labarai iri biyu ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, in kuwa ba a raba su ba to ko shekara za a yi ana musun nan ba zai ƙare ba. Tambayar dai ita ce, wannan salo na abokan hamayya a wajen aiki da ke komawa masoya, me ya sa ya cika littattafai haka, na Turawa da namu, kuma yana da illa ko babu?

Me ake nufi da shi tukuna

Shi littafin soyayya a wajen masu sana'ar yana da sharaɗi biyu, ƙungiyar marubuta soyayya ta Amurka ta daɗe tana maimaita su: soyayyar ce ƙashin bayan labarin, sannan dole a ƙare da daɗi. Ke nan tun daga bango mai karatu ta san waɗannan biyun za su daidaita, abin da ta biya kuɗi ta gani shi ne ta wace hanya. To tunda an riga an san ƙarshe, aikin marubuci shi ne ya nemo abin da zai hana su haɗuwa har tsawon shafi ɗari uku ba tare da an yi hamma an ajiye littafin ba. Ɗaya daga cikin dabarun da suka fi karɓuwa shi ne wanda za mu iya kira daga gaba zuwa so, wato a fara da ƙiyayya a ƙare da aure. In aka ɗauko wannan aka kai shi ofis ko asibiti ko kotu ko gidan jarida, shi ne abin da muke magana a kai.

Misalin da ya fi fito da tsarin fili shi ne wani littafi mai suna The Hating Game na wata marubuciya 'yar Ostareliya, Sally Thorne, wanda ya fito a 2016 aka mayar da shi fim a 2021. Kamfanonin buga littattafai biyu ne suka haɗe suka zama ɗaya, shugabanni biyu, kowane da mataimakinsa, ita mace tana yi wa ɗaya aiki shi namijin yana yi wa ɗayan, teburinsu na kallon juna, sai kuma aka fito da kujerar ƙarin girma guda ɗaya dukkansu suna nema. Ku lura da wannan sosai domin a nan maganar take: matsayinsu ɗaya, babu mai iya korar wani, in ya faɗa mata magana tana da bakin ramawa kuma tana ramawa. Wannan shi ne iri na farko.

Iri na biyu kuwa shi ne wanda ya fi yawa a namu na onlayin. Shi ne mai kamfanin ko ɗan mai kamfanin, saurayi mai izza da ba ya dariya, ya yi karatu a waje, motocinsa ba sa ƙirguwa. Ita kuma sabuwar sakatariya ce ko mai shara ko 'yar bautar ƙasa, marainiya, mahaifiyarta na kwance asibiti ana neman kuɗin aiki. Ranar farko ta zubar masa da shayi a riga, ya yi mata tsawa gaban mutane, wani lokacin har da mari. Wannan ma ana ce masa gaba ta koma so, amma wace gaba? Mutum ɗaya ne ke riƙe da wuƙa da nama, ɗayar haƙuri kawai take yi saboda albashi.

Daga ina abin ya taso

Ba jiya aka fara ba. Littafin Jane Austen na 1813, Pride and Prejudice, wanda har yau marubutan soyayya na Turawa suke kwaikwayon ƙashinsa, da raini aka buɗe shi, namijin ya ga mace a wajen rawa ya ce kyanta bai kai ya ja hankalinsa ba, ita kuma ta ji da kunnenta ta ƙullace shi. Sai dai a lokacin matan irin gidansu ba sa zuwa aiki, a falo da wajen liyafa ake haɗuwa. Da mata suka fara cika ofisoshi da asibitoci a Ingila da Amurka sai labarin ya bi su can. Kamfanin buga littattafai na Mills & Boon da aka kafa a Landan a 1908, wanda daga baya Harlequin na Kanada ya saye shi a 1971, ya yi shekaru yana sayar da labarin likita da nas, sannan oga da sakatariya. Duk wadda ta yi makarantar kwana ta 'yan mata a shekarun 1980 zuwa 1990 ta san waɗannan 'yan ƙananan littattafan da ake ɓoyewa ƙarƙashin filo ana karɓa-karɓa har bangon ya yage.

Abin da ya canza a 'yan shekarun nan shi ne matan da ke rubutawa da masu karantawa su kansu ma'aikata ne, lauyoyi, likitoci, masu bincike a jami'a, kuma sun daina jin daɗin ganin jaruma tana kawo shayi kawai. Sai aka ɗaga ta aka ajiye ta kafaɗa da kafaɗa da namijin. Daga wajen 2020 kuma masu tallata littattafai a TikTok suka ƙara wa abin mai, har ya zama ana sayar da littafi da sunan salonsa, a rubuta a talla cewa wannan na maƙiya ne da suka koma masoya, mutane su saya ba tare da sun san sunan jaruman ba.

Mu kuma namu da hanyarsa ya zo. Littattafan soyayya da suka ɓarke a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, abin da ke raba masoya a cikinsu daga waje yake zuwa, auren dole, uba mai kwaɗayin kuɗi, wani Alhaji da ya shigo da mota, kishiya, maganar asali. Masoyan su kam tun shafin farko suna son juna. Da rubutu ya koma waya, manhajar karanta labarai ta Wattpad da guruf-guruf na WhatsApp da manhajoji irin su ArewaBooks da masu karanta littafi a YouTube, sai ga sabbin marubuta da suka taso da finafinan Indiya da aka fassara da na Koriya da na Turkiyya, inda attajiri mai kamfani da yarinya mai tsiwa suke kamar shinkafa da wake. Sai shingen ya tashi daga gidan iyaye ya koma cikin zuciyar jaruman.

Amma kada a ce duk aro ne, mu ma muna da namu tun fil azal. Wasan taubasai fa? Ɗan mace da ɗan namiji su haɗu su yi ta tsokanar juna, ana karɓar kuɗin shara, kuma sau nawa aka wayi gari an haɗa su aure. Ga wasan Kanawa da Zagezagi, ga na Fulani da Barebari. Bahaushe ya san tsokana hanyar kusanci ce, shi ya ce mai son ɗan tsuntsu shi ke binsa da jifa. Sai dai wasan taubasai yana da doka da kowa ya sani ko ba a rubuta ba, kowa yana da damar ramawa, kuma ba a kai shi inda zai zubar da mutunci. In ɗaya ne kawai ke jifa ɗayan ba shi da halin ɗaga hannu, sunansa ya tashi daga wasa.

Me ya sa ofis, ba makaranta ko unguwa ba

Na farko dai ofis waje ne da ba ka da zaɓi. In ka tsani mutum a unguwa sai ka canza hanya, amma wanda kuke tebur ɗaya dole gobe da ƙarfe takwas ka sake ganin fuskarsa, ku shiga mitin tare, a tura ku Abuja ko Legas kan kwantiragi ɗaya. Marubuci ba ya buƙatar ƙirƙiro hatsarin mota ko ɓatan waya don ya haɗa su, aikin ya riga ya ɗaure su.

Amma dalilin da ni na fi ganin ƙarfinsa, musamman a wajenmu, shi ne bambancin ofis da zance. Ku tuna yadda zance yake. Saurayi ya yi wanka ya fesa turare ya aro mota in ta kama, budurwa ta shafe awa guda gaban madubi, a zauna a zaure ko a falo kowa yana tauna magana kafin ya furta, ita tana sunkuyar da kai shi yana lissafa mata abin da zai yi mata. Za a iya shekara biyu a haka ba wanda ya taɓa ganin fushin wani. Shi ya sa ake yawan jin amarya bayan wata uku tana cewa wallahi kamar an canza shi, alhali ba a canza kowa ba, turaren ne ya baje. A wajen aiki kuwa babu wannan rufin, za ka ga mutum ranar da oga ya zage shi, ranar da albashi ya makara, yadda yake yi wa masinja magana, ko yana cin amanar kuɗin ofis, ko in ya yi kuskure yana ɗora wa na ƙasa da shi. Abokin hamayyarka ma ya fi kowa sanin wannan tunda kullum idonsa na kanka yana neman inda za ka yi tuntuɓe. To ranar da mutumin da ya san duk aibinki, wanda bai taɓa yi miki daɗin baki ba, ya buɗe baki ya ce aikin nan da kika yi babu wanda zai iya shi a kamfanin nan, wannan yabon ya fi baitin waƙa dubu nauyi. Ina ganin abin da mata da yawa ke nema a waɗannan littattafan ke nan ko da ba su faɗa da baki ba, a so mace bayan an ga ƙwaƙwalwarta da kaifin bakinta da taurin kanta, ba don ta ɓoye su ba.

Akwai kuma maganar kasuwa, wadda ba a cika faɗa ba. Marubuciyar onlayin kullum ko bayan kwana biyu take sakin shafi, ta ba da wasu kyauta, sannan ta ce mai son ci gaba ya tura 'yan ɗaruruwan naira ta banki ko katin waya a sa shi a guruf na kuɗi. Me zai sa mutum ya cire kuɗinsa? Sai an bar shi a rataye. Faɗa kuwa ba ya ƙarewa, yau ta ci shi gobe ya ci ta, masu karatu sun rabu biyu a wajen sharhi ana ta zuba, daidai inda zuciyar jarumin ta fara karaya sai a ce nan shafukan kyauta suka ƙare. Ban ga laifin marubuciya ba don ta nemi halalinta, rubutu wahala ne kuma data ba kyauta ba ce, amma wannan tsarin yana tura ta ta riƙa ƙara wa faɗan gishiri, harara ta zama tsawa, tsawa ta zama mari, saboda abin da ya girgiza mutane jiya yau ba zai girgiza su ba.

Shin da gaske ƙi yana komawa so

Masana halayyar ɗan Adam suna da abin cewa a nan. A 1968 wani masani mai suna Robert Zajonc ya nuna cewa yawan ganin abu kawai yana sa mutum ya fara jin daɗinsa, ko fuska ce ko kalmar da bai san ma'anarta ba. Mu sabo muke ce masa, har muka ce sabo turken wawa. Sai kuma wani gwaji da Donald Dutton da Arthur Aron suka yi a 1974 a kan wata gada mai lilo da ke rataye can sama a Vancouver ta Kanada. Wata mace ta riƙa tare maza tana yi musu tambayoyi sannan ta ba su lambar waya, sai aka ga waɗanda ta tare a kan gadar mai ban tsoro sun fi kiranta fiye da waɗanda ta tare a wata gada mai ƙarfi da ke ƙasa-ƙasa. Fassarar da suka yi ita ce jiki ba ya rubuta wa mutum dalilin bugun zuciyarsa, tsoro ne ko fushi ko sha'awa duk bugu ɗaya ne, ƙwaƙwalwa ce ke laƙaba masa suna kuma tana iya kuskure. Ƙaramin gwaji ne, bai kamata a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ba, amma ya yi daidai da abin da marubutan nan ke wasa da shi, mutumin da ke sa jininki ya hau kullum shi ne wanda kike kwana kina tunani.

Addini ma bai ce zuciya dutse ba ce. Akwai maganar da Tirmizi ya kawo mai cewa ka so masoyinka sannu-sannu wataƙila wata rana ya zama maƙiyinka, ka ƙi maƙiyinka sannu-sannu wataƙila wata rana ya zama masoyinka. Ke nan juyawar zuciya ba ƙaryar marubuta ba ce.

To amma ga ɗaya gefen, kuma shi ne wanda 'yar'uwar nan ta guruf take ji a jikinta. John Gottman, wani masani a Amurka da ya shafe shekaru da dama yana nazarin ma'aurata yana kallon yadda suke faɗa, ya ce a cikin duk halayen da ke nuna aure zai mutu babu kamar raini. Ma'aurata suna iya musu kullum su zauna lafiya, zo mu zauna zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma ana saɓawa. Abin da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne kallon mutum a matsayin wanda bai kai ba. Hamayya da raini ba ɗaya ba ne ko kusa. Wanda kake hamayya da shi ka yarda ya isa ne shi ya sa kake tsoron ya wuce ka, wanda ka raina kuwa ko lissafi ba ka sa shi. Littafin iri na farko a kan hamayya aka gina shi, na biyun a kan raini, sai a shafa masa hoda a ce mana so ne yake ɓoyewa.

Inda labarin ke karo da rayuwa

A littafi in oga ya kulle ƙofar ofis ya matso kusa da sakatariya, marubuciya ta riga ta shiga zuciyarsa ta faɗa mana sonta yake kuma aurenta zai yi, shi ya sa mai karatu take murmushi. A rayuwa babu mai shiga zuciyar kowa. Yarinyar da ke tsaye a wannan ofis ba ta san ƙarshen labarinta ba, abin da ta sani shi ne wannan mutumin shi ke sa hannu a takardar albashinta, kuma in ta ce a'a wataƙila wata mai zuwa babu kuɗin haya. Eh ɗin da aka samu a irin wannan hali ina ƙimarsa?

Wannan ne ya sa manyan kamfanoni a duniya suka tsaurara, musamman bayan guguwar MeToo ta 2017, lokacin da mata suka fito fili suna tona asirin masu cin zarafinsu ta hanyar lalata. A Nuwamban 2019 kamfanin sayar da abinci na McDonald's ya kori shugabansa Steve Easterbrook saboda alaƙa da wata ma'aikaciya, duk da an ce da yardarta ne, don dokar kamfanin ta hana. A Satumban 2023 shugaban kamfanin mai na BP, Bernard Looney, ya sauka saboda bai bayyana wa hukumar kamfanin cikakkiyar gaskiya kan alaƙarsa da abokan aiki ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 190 a 2019 kan cin zarafi da tsangwama a wajen aiki, Najeriya ta rattaba hannu a 2022. A wannan 2019 ɗin ne kuma mata a arewa suka fito da ArewaMeToo suna ba da labarin abin da ya same su, ga binciken BBC kan malaman jami'a masu neman ɗalibai don maki. Marubutan Turawa da yawa sun ji wannan iskar, shi ya sa yanzu sukan yi ƙoƙari su daidaita matsayin jaruman ko su sa ɗaya ya bar kujerar kafin a fara komai. Mu har yanzu muna kan mari.

Kuma maganar marin nan tana ci min rai ƙwarai. Na sha karanta sharhin yara mata ƙarƙashin irin wannan shafi suna cewa wayyo gayen nan ya haɗu, Allah ka ba mu irinsa. Yarinya 'yar shekara sha shida da ba ta taɓa zance ba, wannan ne darasinta na farko kan yadda namiji mai so yake. Ban ce littafi ɗaya zai lalata mutum ba, amma guda hamsin masu faɗin abu ɗaya fa? Yau da gobe ba ta bar komai ba.

Masu suka da masu karewa

Masu suka ba bakinsu ɗaya ba. Akwai malamai da iyaye da damuwarsu ita ce keɓancewa, mace da namiji su kaɗai a ofis bayan an tashi, tafiya otal ɗaya, da kuma batsar da ta yi wa wasu littattafan onlayin katutu tunda babu mai tacewa. Wannan damuwar tsohuwa ce, a 2007 zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau har ƙona littattafai aka yi a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, kuma tun a shekarun 1990 malaman jami'a Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi ta fafatawa a jaridu kan ko waɗannan littattafai adabi ne ko shirme. Ƙonawar ba ta hana komai ba, rubutun ya koma waya inda ashana ba ta kaiwa. Ni a ganina maganar batsa gaskiya ce kuma marubuta su ji tsoron Allah, amma sanin mutum ta hanyar aiki shi kansa ba abin kunya ba ne, Nana Khadija ta hanyar kasuwancinta ta ga amanar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ana iya rubuta labarin ofis mai tsafta, an ma rubuta.

Akwai wata illar da ba a cika kulawa da ita ba, ita kuma a kan matan aure ma'aikata take faɗawa. Namijin da dama yana ɗari-ɗari da barin matarsa ta yi aiki, in duk labarin da ke yawo a wayoyi yana nuna ofis a matsayin wajen da ake ƙulla soyayya, to an ba shi hujja a hannu. Nas ɗin da ke kwana asibiti tana duba marasa lafiya, malamar banki da ke tsaye tun safe, su ne za su sha kallon zargi a kan abin da wata ta ƙirƙira a ɗakinta.

Masu karewa su ma suna da magana mai nauyi. Wata masaniya a Amurka, Janice Radway, ta zauna da mata masu karanta littattafan soyayya ta fitar da littafi kan abin da ta gano a 1984, kuma abin da matan suka fi faɗa mata shi ne karatun nan shi ne ɗan lokacin da suke ware wa kansu bayan sun wuni suna hidimar miji da 'ya'ya. Duk macen da ta gama girki da wanke-wanke da kwantar da yara ta jawo waya ƙarfe sha ɗaya na dare ta san wannan. Ba yarinya ba ce, ta san bambancin labari da rayuwa, kuma akwai raini a cikin zaton cewa mata ba sa iya bambancewa alhali ba a cika cewa maza masu kallon finafinan faɗa za su fita su harbi mutane ba. Na yarda da wannan a kan babbar mace. A kan 'yar sakandare ne ban yarda ba, kuma guruf ɗin da ake sakin littattafan nan babu mai tambayar shekarun kowa.

A duba abin da ya faru da aikinta

In ina son in gane wane iri nake karantawa, babin ƙarshe nake dubawa in ga ina aikin jarumar ya kwana. An shafe littafi guda ana nuna mana ta fi kowa iya lissafi, ita ta ceto kamfanin daga asara, ta tsaya gaban manyan daraktoci ta kare aikinta, to bayan an ɗaura aure fa? A yawancin namu shiru ake yi, sai dai mu gan ta da ciki tana jera abinci a tebur, ko kuma shi ya ce matata ba za ta yi aiki ƙarƙashin kowa ba, a rubuta wannan a matsayin ƙololuwar so. Mace ta zaɓi zaman gida ba laifi ba ne, zaɓinta ne kuma mata da yawa da shi suka fi samun natsuwa. Abin da ke damuna shi ne abin da ya sa ya so ta tun farko, wato kaifin nan nata, shi ne abu na farko da ake yankewa, kamar dai duk hamayyar an yi ta ne don a nuna yadda ake lanƙwasa mace mai taurin kai. A littafin Sally Thorne ɗin nan da na ambata, namijin ne ya nemi aiki a wani kamfani ya bar mata filin.

Sai abu na biyu, ban haƙuri. Jarumin da ya zage ta gaban ma'aikata a babi na uku, a gaban wa ya ba ta haƙuri? Sau da yawa ba ya ma bayarwa, rashin lafiya kawai zai kwanta ko ya yi hatsari, tausayi ya kama ta, shi ke nan an shafe komai. Ko a kawo mana labarin wata budurwa da ta taɓa yaudararsa a Landan a ce ita ta mayar da shi haka, kamar sakatariyar ce za ta biya bashin da ba ita ta ci ba. Marubutanmu suna da basirar da za su iya fin haka, wasunsu a gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 sun nuna irin zurfin da suke da shi. Wuraren hamayya kuma ga su nan birjik a gabanmu ba sai an ƙirƙiro kamfanin da babu irinsa a Kano ba: lauyoyi biyu a shari'ar gado ɗaya, malamai biyu masu neman kujerar shugaban sashe, 'yan jarida biyu a gidan rediyo ɗaya suna rige-rigen labari, ko masu shago biyu a Kantin Kwari da ke ƙwace wa juna kwastoma, ita ta gaji shagon mahaifinta shi kuma yaron kanti ne da ya tara jarinsa da kansa.

Ita wadda ta ce da mijinta haka suka fara, daga baya na bi ta ta gefe na tambaye ta yadda abin ya kasance. Ta ce makaranta ɗaya suke koyarwa, shi lissafi ita Turanci, suka yi shekara guda suna rigima kan jadawalin darasi saboda kowa na son awannin safe, kuma har yau tana koyarwa a wajen. Na ce ya taɓa yi miki tsawa gaban ɗalibai? Ta ce tab, ai da ya gwada da ko gaisuwa ba za ta sake haɗa su ba.